Muryar da ke Cikin Rediyon Kaka

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Kaka, yaya ƙafar tata? Ni lafiya ƙalau, sai mura da na yi ta kwana uku, ban saba kwana ƙarƙashin fanka ba. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san inda na tsaya a makaranta. Wayata kuma ta faɗa bokiti ran da na iso. Maigida ya buɗe ta ya ce sai dai a yi mata addu'a. Shi ya sa zan riƙa ba direban nan na unguwarku takarda, ya ce duk sati biyu yana zuwa.

Na gode da kika nemo min wurin koyon gyaran rediyon nan. Babana ɗan kawunki ne kawai, amma ko waɗanda suka fi kusa ba su tsaya min haka ba.

Shagon siriri ne, tsakanin mai walda da mai katifa. Matattun rediyo da lasifika sun kai har silin. A layin ba mai kiran Maigida da sunansa, Mai Kunne suke ce masa. A bayan shagon yana da wani ɗaki, ya lulluɓe bangon da barguna. Ba komai a ciki sai lasifika biyu da kujera ɗaya tak a tsakiya, ya zana wurin ƙafafunta da fenti a ƙasa. Na matsar da ita zan yi shara, Gwaggo, kamar na mari wani.

Ran farko ya zaunar da ni a kujerar ya sa kiɗa. Ya ce me ka ji? Na ce da daɗi, amma ba dum-dum. Ya ce, "Wanda ya kaɗa gangar nan dum-dum ya kaɗa?" Na ce ban sani ba, ba na wurin. Ya ce, "To ji nan. Na'ura 'yar aike ce. In an aike ka da magana, ka kai ta yadda aka ba ka, ba ƙari ba ragi. Duk na'urar da ta ƙara gishiri maƙaryaciya ce."

Jiya wani ɗan kwangila ya zo da babbar mota, ya ce yana so a haɗa masa sauti a falo wanda zai sa gilashin taga rawa. Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wannan ba aikina ba ne. Sayi janareta ka ajiye a falon." Mutumin ya tafi da fushi. Ni dai ban gane ba. Ai falonsa ne, kunnensa ne. Kuma gaskiya ni ma ina son dum-dum ɗin.

Yanzu na iya liƙa waya da dalma ba ta ƙona ni sosai.

Ɗanki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta wa Kaka, ta yi dariya a wurin janareta. Ƙafarta da sauƙi, sai da safe take ɗan riƙewa. Ka daina kwana saitin fanka, kuma ka daina taɓa kujerar mutane.

Ga aiki na aiko maka. Direba zai ba ka kwali, a ciki akwai rediyon Kaka mai kaset. Ran Talata ya tsaya cak, ana jin injin yana gurnani amma kaset ba ya juyawa. A cikin hankicin da na ɗaure akwai kaset guda. Ka riƙe shi kamar idonka.

Ba ka san labarinsa ba, ba a haife ka ba. Babana, mijin Kaka, aikin gada ya tafi can nesa. Bai iya rubutu ba, sai ya yi magana a kaset ya aiko. Wannan ne na ƙarshe, bayansa da wata biyu ƙarfe ya faɗo masa. Ina da shekara tara. Yau shekara talatin da biyu ke nan, kullum da yamma Kaka sai ta sa shi. Ba wata magana ce mai girma a ciki ba, takalmin makarantata ne da yoyon rufi da kada ta riƙa ɗaukar bokiti mai nauyi. Tana ba shi amsa kamar yana zaune. Ni ina kan keken ɗinkina a ɗakin gaba, na haddace shi tsaf.

Tun Talata ba ta da sukuni, ƙarfe huɗu na yi sai ta yi ta kallon inda rediyon yake zama. Ka roƙi maigidanka a gyara da wuri. Kuma in zai yiwu a kwafe maganar a memori, don zaren kaset ɗin ya tsufa, ina tsoron ranar da zai tsinke.

Allah ya yi maka albarka.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya, Kaka ma haka. Murata ta warke. Ga rediyo nan na dawo da shi, kuma ina so ki sani da hannuna na yi aikin, Maigida tsayawa kawai ya yi a kaina.

Abin da ya same shi, akwai wata siririyar roba a ciki, bel, ita ke ɗaukar juyi daga inji ta kai wa kaset. Ta saki ta yi laushi har tana manne wa yatsa. Maigida ya ɗaga ta ya ce wannan ta yi shekaru tana jan ƙafa kafin ta faɗi. Na jefar da ita na sa sabuwa.

Ni na zaci an gama. Ya ce ko farawa ba a yi ba. Yana da wani kaset a aljihun tebur, ba waƙa ba magana a cikinsa, fito ne kawai, fiiii, tun daga farko har ƙarshe. In an sa shi sai a jona mita, dole mita ta nuna dubu uku. In ta nuna ƙasa da haka rediyo yana nawa, in sama yana sauri. A bayan injin akwai ɗan rami, a ciki akwai ɗan sukuru, shi ake murɗawa. Na murɗa ina gumi har ta tsaya dubu uku cif. Maigida ya ce, "Yanzu ya daina ƙarya."

Lasifikar ma ta yage, wani ya taɓa liƙe ta da ƙyalle da gam. Maigida ya ga haka ya riƙe baki. Ya ɗauko wata mai kyau a cikin kayansa ya ce a sa wa tsohuwa, kyauta. Yagaggiyar lasifikar tana nan ƙarƙashin tebur. Na goge wurin da zare ke bi da auduga da sifirit, audugar ta fito baƙa ƙirin.

Sai muka kwafe kaset ɗin a kwamfuta, muka sa a memori, ga shi a cikin ambulan. Maigida ya ce mu saurara a ɗakin baya, har ya bar ni na zauna a kujerar. Gwaggo, kamar marigayi yana tsaye a gabana. Ana jin numfashinsa, ana jin wani yana buga ƙarfe can nesa, har da lokacin da ya kurɓi ruwa. Muryarsa tas, mai kuzari, yana magana da sauri yana dariya. Inda ya ce a saya miki takalmi mai ɗan girma don ƙafarki ba ta jin magana, Maigida ma sai da ya murmusa, shi da ba ya murmushi. Ya ce, "Ka ji shi? Wannan shi ne mutumin. Abin da suka yi shekaru suna ji a gida inuwarsa ce."

Na ƙagu in ji abin da Kaka za ta ce. Ki faɗa mata Auta ne ya yi. Ki rubuto min duk abin da ta faɗa, kada ki rage ko kalma.

Ɗanki,
Auta

*

Auta,

Muna lafiya. Direba yana ƙofa yana ta hon, ba zan tsawaita ba. Rediyo ya iso. Kaka ta sa shi sau ɗaya ta kashe, ta rufe shi da zane. Kwana huɗu ke nan ba ta cin abincin kirki. Kada ka sake yin komai, kada ka aiko da komai. Ka bari sai na neme ka.

Gwaggo

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Don Allah yaya jikin Kaka? Ni lafiyata lau amma ba ni da kwanciyar hankali.

Kin ce in bari sai kin neme ni, na bari. Yau sati biyar. Na je tasha sau shida, direba ba ya nan, abokan aikinsa kowa da abin da yake faɗa. Wannan takardar wani mai ɗaukar kaya zan ba, ya ce yana bi ta wajenku, ban sani ba ko za ta iso.

Takardarki na karanta ta ta fi sau ashirin. Ba ki ce Allah ya yi min albarka ba, ba ki ce gwaggonka ba, Gwaggo kawai kika sa. Na gane kin yi fushi. Abin da ban gane ba shi ne laifin. Na zauna na bi aikin ɗaya bayan ɗaya a kaina. Bel sabo ne. Mita dubu uku ta nuna, da idona na gani. Kaset bai tsinke ba, na mayar da shi cikin hankicinsa. Ko a hanya wani abu ya karye?

Na tambayi Maigida, ya ce aikin ba shi da aibu, in an kawo masa rediyon gobe haka zai sake yi. Ya ce wani lokaci kunne yana sabawa da datti, in aka wanke sai ya ce an ɓata. Wannan bai sa na ji sauƙi ba.

Shekaranjiya na jona waya a juye na ƙona amfilifayar wani likita, na'urar ƙara sauti. Maigida bai zage ni ba, ya ce in fita in sha iska. Da ma zagina ya yi.

Gwaggo, in wani abu ya sami Kaka ki faɗa min, kada ki ɓoye. In kuma ba kya son in ƙara rubuto miki, shi ma ki faɗa, zan daina. Amma ki fara faɗa min ko tana cin abinci.

Ɗanki, in kin yarda,
Auta

*

Auta ɗana,

Wa alaikumus salam. Kaka tana nan da ranta, ka kwantar da hankalinka. Ta rame, tana cin loma uku huɗu ta ture kwano, amma tana tashi tana zama. Ni ma lafiya, sai ciwon baya na keke.

Kai kuma wane irin yaro ne? Wa ya ce maka na yi fushi? A tsaye na rubuta waccan takardar, a kan murfin keke, direba yana neman fasa mana kunne. Da na ce kada ka aiko da komai, na san halinka ne, za ka je ka sayo mata sabon rediyo da ɗan abin da kake samu. Motar direban ce ta lalace, injin ya buga, sai wannan satin ya dawo hanya. Ni kuma ina ta jiran in ga ko Kaka za ta sauko. Ba ta sauko ba.

Ga abin da ya faru, tunda ka ce kada in rage. Ta danna, Baba ya yi sallama. Sai na ga ta ja mayafi ta rufe kai, kamar baƙo ya shigo. Ta saurara kaɗan ta kashe. Ta ce, "Wannan wane yaro ne?" Na ce Inna, Baba ne, gyara aka yi. Ta ce ta san shi ne, ba ta ruɗe ba. Ta ce, "Shekara talatin da biyu muna tsufa tare, ina jan ƙafa yana jan murya. Yanzu an dawo min da ɗan shekara talatin da takwas yana ta zuba kamar mota za ta bar shi. Ko ke kin girme shi. Me zan ce masa? Ya koma yaro ya bar ni nan ni kaɗai."

Ka gane? Rediyon a hankali ya riƙa yin nawa, shekara bayan shekara, ba wanda ya lura. Muryar ta yi kauri, ta yi nauyi, ga lasifikar da na liƙe tun ina budurwa tana sa masa 'yar rawa irin ta tsofaffi. Wannan ne mijinta yanzu.

Ko lokacin ma ya canja. Kamfanin robobi na bayanmu yana busa jiniya ƙarfe huɗu, da ita take dannawa. Mai askin da muke bango ɗaya da shi kuma yana kunna labarai huɗu da rabi. Shekarun nan, in kiɗan labarai ya taso, daidai nan Baba yake tari sau biyu ya ce, "To, sai maganar rufin ɗaki." Har tsokanarsa take, wai kullum sai ya katse wa mai labarai. Na gwada shi bayan gyaran tana banɗaki, huɗu da rabi na yi har ya yi bankwana kaset ya tsaya.

Yanzu ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ran da muryar nan ta fito, allura ta shige min yatsa ban ji ba. Auta, Babana ne. Haka muryarsa take. Na manta, wallahi na manta, na ɗauka da can ma tsohon nan ne mai magana a hankali. Memorin yana cikin wayata, ina sa abin kunne in saurara ina ɗinki, Kaka ba ta sani ba. Don haka kada ka ce ka yi laifi. Ni ka dawo min da ubana. Ita ce ka ɗauke wa miji.

Na sake ba direba rediyon. Kaset ɗin ta hana, yana ƙarƙashin filonta. Ban sani ba ko abin da aka gyara yana komawa yadda yake. In ba ya yiwuwa ka faɗa min gaskiya.

Allah ya yi maka albarka, ka ga na rubuta.

Gwaggonka, gwaggonka, gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na gode Allah da Kaka tana nan. Ki gaishe ta, ki ce ta daure ta ƙara loma. Ni lafiya, ran da takardarki ta zo na ci abinci kwano biyu.

Da na karanta na fara zuwa wurin shara neman tsohon bel, mai katifa yana min dariya, shara ta tafi tun tuni. Ko na same shi ma ya mutu. Na zauna na rasa ta inda zan san yawan nawar da rediyon yake yi, tunda ban taɓa jin sa a da ba. Sai na sake karanta wurin jiniya da mai aski. Na buɗe kwamfuta na nemo tarin marigayi. Yana kan minti ashirin da bakwai. A gidanku kuma yana zuwa a minti talatin. Gwaggo, ashe kin aiko min da mita ba ki sani ba.

Ban faɗa wa Maigida ba, tsoro nake ji. Ran da ba ma buɗe shago na zo da safe, na kwafi maganar a wani kaset, na sauko da agogon bango na ajiye a gabana. In murɗa sukuru kaɗan, in danna, in jira tari. Na farko ya zo a ashirin da takwas. Na biyu na zarce, talatin da uku, marigayi ya koma kamar mai magana cikin rijiya. Kowane gwaji rabin awa. Ina kan na biyar sai ga Maigida, ya zo zama a ɗakinsa na baya.

Tun daga ƙofa ya tsaya. Ya ce, "Wannan rediyon yana nawa." Bai ko duba ba, Gwaggo. Sai ya ga sukudireba a hannuna. Ya ce, "Wa ya ce ka taɓa abin da na saita?"

Na miƙa masa takardarki. Ki yafe min, har da wurin da kika ce ba ki faɗa wa kowa ba. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa, sai ya zauna a bencin masu jira, inda ban taɓa ganin ya zauna ba.

Ya ce, "'Yar ta ji gaskiya ta gane ta. Ka gani ko?"

Na ce na gani.

Ya ce, "Abin da tsohuwar take so ba muryarsa ba ce. Bai taɓa yin magana haka ba a duniya. Ruɓaɓɓiyar roba ce da yagaggiyar takarda."

Na ce, "Maigida, ni ban san wanne ne daidai ba. Na dai san ba ta cin abinci."

Ya kalli rediyon. Can ya ce, "Minti nawa?" Na ce ashirin da bakwai ne za su koma talatin. Ya ce, "Shi ne ka zauna kana gadin agogo kamar mai jiran haihuwa? Matsa." Ya yi lissafi a jikin kwali, ya ɗauko kaset ɗinsa mai fito ya jona mita. Ya riƙa murɗawa, fiton yana sauka yana sauka, fuskarsa kamar mai shan magani mai ɗaci, har mita ta nuna dubu biyu da ɗari bakwai. Minti biyu bai yi ba. Ya ce, "Ina tsohuwar lasifikar?" Na ciro ta ƙarƙashin tebur. Da kansa ya mayar da ita, ya ƙara ɗan gam a gefen ƙyallenki don kada ya ɓalle.

Muka sa maganar. Ni ban san yadda take a da ba, amma wani dattijo na ji yana magana a hankali, muryarsa tana ɗan rawa. Tarin ya zo saura kaɗan minti talatin. Maigida ya ce a bar shi haka, jiniyar kamfani ma ba mala'ika ke busa ta ba.

Ya ɗiga jan fenti a kan sukurun don kada ya motsa. Ya yanko farar takarda ya manna a bayan rediyon, za ki gani, rubutunsa ne: KADA A GYARA. Ya ce, "Shekara talatin ina aikin nan, yau ce rana ta farko da na ɓata na'ura da hannuna, kuma da mita." Ya ce in faɗa miki na memorin shi ne gaskiya, ki adana, kada ki bari ya ɓata.

Na ce, Maigida, to ɗan kwangilan nan mai son taga ta yi rawa fa? Ya ce wannan mijinsa bai mutu ba, in je in share shago.

Ga rediyon nan. In bai yi ba ki sake aikowa, ko sau goma ne.

Ɗanki,
Auta

*

Auta ɗana,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar Kaka ma ta saki kwana biyun nan. Ka gaida maigidanka, ka ce na gode, kuma na ga rubutunsa.

Rediyo ya iso ran Laraba da rana. Na ajiye shi a wurinsa. Ta kalle shi ta kau da kai. Jiniya ta busa, ba ta motsa ba. Ran Alhamis ma haka. Ran Juma'a ina cikin ɗinkin wata riga sai na ji ƙarar murfin kaset. Na ɗage ƙafa daga keke.

Baba ya yi sallama. Ba ta ja mayafi ba. Ta saurara har ya kai kan takalmina. Sai na ji ta ce, "Ai ta yi jika ma yanzu, kai kana nan kana maganar takalmi." Na koma kan ɗinkina, sai dai ban ga layin sosai ba, sai da na farke hannun rigar daga baya.

Tarin ya riga kiɗan labarai da ɗan kaɗan. Ta lura, kada ka ce ba ta lura ba. Da ya gama na shiga na ce, Inna yaya kika ji shi? Ta ce, "Ya ɗan ƙara kuzari. To ai da ma asibiti ya je." Sai ta ce ko akwai sauran abincin rana. Ta cinye, ta sa na ƙaro.

Na faɗa mata kai ne ka yi, duka biyun, ɓatawar da gyarawar. Ta ce wacce ce ɓatawar? Na ce wannan kam sai ku zauna da Mai Kunne.

Ta ba ni saƙo, ta sa na maimaita mata don kada in canja. Ta ce ka tambayi maigidanka, sabuwar robar nan da aka sa, ita ma za ta riƙa saki da shekaru kamar waccan? Ta ce ba ƙorafi take ba, so take ta sani.

Allah ya yi maka albarka.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku, na ji daɗin labarin abincin. Ni lafiya. Direba yana sauri, ni ma yau a tsaye nake rubutu, kada ki ce fushi na yi.

Na kai wa Maigida tambayar Kaka yadda kika rubuto, ba ƙari ba ragi. Yana kan wata amfilifaya da dalma a hannu, bai ɗago ba. Ya ce, "Za ta saki. Duk bel yana saki. Ka ce mata a hankali zai riƙa yi, ba zai riga ta tsufa ba."

Ɗanki,
Auta